Wasan Tawula a Na'ura: Ta Kyauta Ko Ta Kuɗi?

Duk wanda ya zauna a Obalende, cikin birnin Ikko, ya san yadda mutanenmu suke hutawa bayan la'asar. Kusa da tashar mota, ko gefen masu tsire da masu shayi, sai ka tarar an kewaye benci ana buga ludo ko dara. Akwai kuwa wani wasa, ɗan'uwan ludo, wanda 'yan Kwara mazauna Ikko da Kano suka zo da shi daga ƙasarsu. Su suna ce masa tawula, Turawa kuwa backgammon. Yanzu ya shiga wayoyin samarinmu, har ɗalibai suna tambayata wace manhaja ta fi, ta kyauta ko ta kuɗi. To, ga abin da na sani.

Da fari bari in bayyana wasan. Mutum biyu ke yinsa a kan allo mai gida 24. Kowa yana da 'ya'ya 15, ana kuwa jefa ƙwaya biyu masu fuska shida, irin ta ludo. Wanda ya riga kai 'ya'yansa gida ya fitar da su duka, shi ya ci. In ɗanka ya tsaya shi kaɗai a gida, abokin wasa yana iya bugunsa ya koma farko. Watau sa'a tana ciki, amma lissafi ya fi yawa. Ƙwaya biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36. In ka bar ɗanka gida ɗaya gaban na abokin wasa, hanya 11 cikin 36 za su buge shi. In gida shida ne tsakaninsu, babu abin da ya tare hanya, 17 ne. In bakwai ne, 6 kaɗai. Malamin lissafi ya ga darasi a nan.

Kafin in ci gaba, wajibi ne in faɗi cewa malaman addini da yawa sun hana wasan ƙwaya irin wannan, wanda littattafai suke kira nardu, akwai kuwa hadisi a kansa cikin Sahihu Muslim. Wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa. Amma sa kuɗi a kai caca ce, babu gardama a nan.

Yanzu ga tarihin na'urorin. A 1979, a Monte Carlo, wata manhaja mai suna BKG 9.8, wadda Hans Berliner ya shirya a Amurka, ta kara da Luigi Villa, zakaran duniya na wannan shekara, ta cinye shi 7 da 1. Amma Berliner da kansa ya bi wasan daki-daki, ya ce Villa ya fi ta iya wasa, ƙwaya ce ta taimake ta. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. A 1992 Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya fito da TD-Gammon, wadda ta koya wa kanta wasa ta hanyar karawa da kanta sau dubu ɗaruruwa, daga baya har fiye da miliyan. Ta kai ga gwanaye suka sake yadda suke buɗe wasa saboda abin da suka gani wurinta. Bayanta aka yi Jellyfish da Snowie na sayarwa, babbar Snowie kuwa ta haura dala 300.

A yau guda biyu aka fi ambata. Ta kyauta ita ce GNU Backgammon. Ba a biyan ko kwabo, tana aiki a kwamfuta mai Windows ko Mac ko Linux, kowa kuwa yana da izinin ya kwafa ya ba wani. Tana wasa da kai, in ka so ta tsayar da kai sa'ad da za ka yi kuskure, in an gama kuma ta jera maka kowane motsi da wanda ya fi shi. Ta kuɗi ita ce eXtreme Gammon, ana taƙaita ta XG, wadda Xavier Dufaure de Citres ya fitar a 2009. An daɗe ana sayar da ta kwamfuta wajen dala 60, akwai kuma ƙanwarta ta waya.

To, me kuɗin yake saya maka? Ba ƙarfin wasa ba ne, gama dukansu biyu sun fi kusan kowane ɗan Adam, in sun buge ka ba za ka rarrabe wadda ta fi zafi ba. Abu uku yake saya. Na ɗaya sauri: in wuri ya rikice, na'ura takan buga shi da kanta sau ɗaruruwa ko dubbai don ta ga abin da ya fi, XG kuwa ta fi hanzarin gama wannan. Na biyu sauƙin aiki, don fuskarta ta fi daɗin bi ga baƙo. Na uku, ma'auninta ne gwanayen duniya suka fi yarda da shi. Tana ba ɗan wasa lamba da ake kira PR, wadda ke auna yawan kuskurensa. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau: manyan gwanaye sukan sami wajen 3, sabon shiga kuwa ya haura 20.

Saboda haka shawarata ga ɗalibi ita ce ya fara da ta kyauta. Mai kuskure ashirin a wasa ɗaya ba ya bukatar ma'auni mai auna ƙwayar gero. Dala 60 kuwa, in an juya ta naira, ta isa littattafai masu yawa. Wanda ya yi nisa har yana shiga gasa, shi ne kuɗin zai amfana.

Akwai wata iri ta uku da nake jan kunnenku a kanta, ita ce kuwa ta fi yawa a wayoyin da nake gani a Obalende. Ana saukar da ita kyauta, sa'an nan talla ta cinye maka data, a ba ka kwabban wasa kaɗan, in sun ƙare a ce ka sayi wasu da kuɗin gaske. Yawancinsu ba su nuna maka kuskurenka, burinsu ka daɗe kana jefa ƙwaya. Araha ba ta ado. Masu cewa na'ura tana maguɗin ƙwaya kuwa, GNU da XG sun ba su magani: ka jefa ƙwayarka da hannunka, ka rubuta mata abin da ya fito. Za ta cinye ka duk da haka.

Abin da ya sa na kawo wannan magana cikin mujallar masu koyon aikin malanta shi ne labarin Villa. An cinye shi, alhali shi ya fi yin daidai. A kan benci wanda ya ci shi ne gwani, a yi masa tafi a watse. Manhaja mai kyau ba ta duban wanda ya ci, hanyar da kowa ya bi take dubawa, ta ware sa'a gefe, ta ware iyawa gefe. Haka aikinmu yake a aji. Yaro yana iya dacewa da amsa ta hanyar cinta, wani kuwa ya bi hanya sosai ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe. Malamin da ke duban amsa kaɗai zai yabi na fari ya tsauta wa na biyu, ya yi hasarar su duka. In za ku duba littafin yaro, ku bi aikinsa layi-layi, ku nuna masa inda ya kauce da abin da ya fi. Allah Ya sa mu zama malamai masu adalci, amin.