Yadda Fasahar NMR Ke Bambance Ƙwayoyin Haidirojin: Misalin Itanol

Cibiyar ƙwayar zarrar haidirojin, wato firoton, tana da ɗabi'ar ɗan ƙaramin maganaɗisu. Idan aka sanya ta cikin filin maganaɗisu mai ƙarfi, takan ɗauki ɗayan matsayi biyu: ko ta bi filin, ko ta saɓa masa. Da zarar an aika mata igiyar rediyo mai mitar da ta dace da tazarar makamashin da ke tsakanin matsayin biyu, sai ta zuƙi igiyar ta juya. Wannan shi ne tushen NMR, wanda Felix Bloch da Edward Purcell suka wallafa a 1946, kowa da tawagarsa, aka kuma ba su kyautar Nobel a 1952. A filin tesla 9.4, mitar firoton tana kusa da megahaz 400.

Da a ce kowane firoton mita ɗaya yake amsawa, da fasahar ba ta amfani masanin sinadarai ba. Amma ilektironin da ke kewaye da cibiya suna rage mata ƙarfin filin, kuma yawansu ya danganta da maƙwabtanta. Wannan ɗan bambanci ake aunawa da ppm, wato kashi cikin miliyan, a ɗauki sinadarin TMS a matsayin sifili.

A dubi itanol, CH3CH2OH. Zanen da na'urar ke fitarwa yana nuna tuddai uku. Na CH3 yana wajen 1.2, na CH2 kuwa wajen 3.7, domin oksijin da ke gefensa ya janye masa ilektiron. Faɗin filin da ke ƙarƙashin tuddan ya bi lissafin 3:2:1, daidai da adadin haidirojin kowane rukuni. Sannan tudun CH3 ya tsage gida uku, na CH2 gida huɗu, bisa ƙa'idar n+1. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: tsagewar maƙwabta take ƙirgawa, ba haidirojin rukunin kansa ba. CH3 na da maƙwabta biyu, saboda haka uku.

Tudun OH ba shi da mazauni tabbatacce. Zafi da kaurin samfuri suna gusar da shi. Hanya mafi sauƙi ta gane shi, a ganina, ita ce a ɗiga ruwa mai nauyi, D2O, cikin bututun, a girgiza, a sake aunawa. Tudun da ya ɓace shi ne na OH.