Sojojin Jiki Nawa Ne Suka Isa?

Duk wanda likita ya taɓa tura shi gwajin FBC, wato ƙirgar ƙwayoyin jini, ya san takardar: lambobi jere reras, a gefe kuma an buga iyakar da ake cewa ta mai lafiya ce. Layin da ya fi ɗaga wa mutane hankali shi ne na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake wa laƙabi da sojojin jiki. A yawancin ɗakunan gwaji, baligi mai lafiya yana da tsakanin 4,000 da 11,000 a maikurolita ɗaya ta jini, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita.

Sojojin nan iri-iri ne. Nutrofil, masu fara tarar bakteriya, su suka fi yawa, kashi 40 zuwa 75 cikin ɗari. Limfosayit na biye da su, kuma a cikinsu ake samun CD4 da ake ƙirga wa masu ɗauke da HIV: mai lafiya kan samu 500 zuwa 1,500, in suka gaza 200 kuwa garkuwa ta karye. Iyosinofil ba su da yawa, amma tsutsar ciki da tsargiya kan sa su hau.

To, wa ya yanke wannan iyaka? Ƙa'ida ita ce a auna jinin masu lafiya aƙalla 120, a ɗauki kashi 95 na tsakiya. Ke nan ko cikin lafiyayyu, mutum ɗaya cikin ashirin zai faɗa waje. Wani abin kuma, galibin lambobin da ke littattafan likitanci daga jinin Turawa aka samo su.

Nan ne maganar ta shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. Fiye da kashi 90 na mutanen yankin, jajayen ƙwayoyin jininsu ba su da wani furotin mai suna Duffy. Gado ne mai rana, domin ta wannan ƙofar ce nau'in zazzaɓin cizon sauro da ake kira vivax ke kutsawa, shi ya sa bai samu gindin zama a yankin ba. Sai dai wannan gadon ne kuma ke sa nutrofil su yi ƙaranci a jini. Mutum na iya samun ƙasa da 1,500, iyakar da littafi ke kira cuta, alhali garau yake, bai fi kowa kamuwa da ciwo ba.

Rashin sanin haka ya cutar da baƙaƙen fata a Amurka: an jinkirta wa wasu maganin cutar kansa, an hana wasu clozapine, maganin taɓin hankali. Sai a 2015 hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, ta sassauta, ta yarda a fara ba irin waɗannan mutane maganin daga nutrofil 1,000. A Habasha ma, wani bincike na 1999 ya nuna CD4 na lafiyayyun 'yan ƙasar bai kai na mutanen Holan ba.

Juna biyu, shan taba da motsa jiki mai tsanani duk kan ɗaga lambar fararen ƙwayoyin jini, taifot kuma kan saukar da ita. Saboda haka ƙwararren likita kan duba tsohuwar takardar gwaji da yanayin majiyyaci kafin ya yanke hukunci. Amma nutrofil ƙasa da 500 haɗe da zazzaɓi, wannan kam ko da gadon Duffy ko babu, asibiti ake nufa nan take.