Tawadar da ke bin ƙosai zuwa ciki

Daga Kano har Maraɗi, da wuya ka ga mai tsire ko mai ƙosai ya sayi sabuwar takarda don naɗe wa mai saye. Abin da ke gefen kaskonsa tsohuwar jarida ce, ko takardun jarrabawar da aka gama yi wa maki, ko ragowar fastocin 'yan takara bayan zaɓe, duk a kilo ake auna su. Arha ce ta jawo haka. Ga shi kuma takarda tana shan mai, ba ta sa ƙosai ya yi gumi ya saki kamar yadda leda ke yi, don haka shi ma mai saye ya fi son ta.

Shan man nan shi ne tushen matsalar. Dubi takardar da aka naɗe balangu mai zafi da ita: inda kitse ya taɓa sai ta yi shara-shara, rubutun baya ya fito, wani sa'in har harufa su manne a jikin naman. Zafi da maiƙo suna narkar da tawada, abin da ke cikinta kuma ya bi abinci. Baƙar tawadar jarida ta yau galibi baƙin gawayi ce da mai, sharrinta da sauƙi. Shafuka masu launi su ne abin dubawa, domin an daɗe ana haɗa rawaya da ja da sinadaran dalma da kadmiyum. Manyan kamfanonin tawada sun bar su, amma mai ƙosai ba ta da hanyar sanin da wace tawada aka buga fastar da ke hannunta.

Takardar da aka sake sarrafawa ma ba ta tsira ba. Ana jiƙa jarida da mujalla da rasit a dama su wuri guda, kuma wankin ba ya fitar da tawadar duka. A 2010 masu binciken abinci na Zurich a Suwizalan sun gano man tawada yana ratsowa daga kwalin da aka yi da irin wannan takarda ya shiga busasshen abincin da ke ciki.

Kada dai a zuzuta. Gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, ƙunshin awara bai kama ƙafarta ba. Sai dai dalma taruwa take yi a ƙashi, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, kadmiyum kuwa yakan shekara goma ko fiye a ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa. Ɗan makarantar da kullum karin kumallonsa a jarida yake zuwa, shi ne abin ji.

Indiya ta gargaɗi masu abinci a 2016, daga baya ta haramta naɗi da jarida a dokarta ta 2018. Mu nan hankali ya fi karkata ga roba: Legas ta hana farin mazubin abinci na kumfa a 2024. Matakin yana da kyau, amma duk inda aka matsa wa roba, takarda ake komawa, kuma mai ribar naira ɗari ba zai sayi farar takarda ba muddin tsohuwar jarida ta fi ta arha.