Ina Makaɗan Garaya Suka Shiga A Bukukuwan Bauchi?

A da, in aka tashi biki a birnin Bauchi, tun daga ranar kamu har buɗar kai ba a cika rasa mai garaya ko mai molo a ƙofar gida ba, yana wasa dangin ango da na amarya, ana yi masa kyauta. Yau kuwa yawancin masu biki DJ suke ɗaukowa da manyan lasifikoki, shi ya sa samari suka ja baya ga koyon sana'ar.

Abin da ya faru a Tafkin Chadi ya isa ishara. Biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale, saura ƙiris ya ɓace, sai Malam Maman Barka na Nijar ya je a 2002 ya koya wurin tsoho Bukar Tar. Barka kansa ya rasu a 2018.

To, jama'ar Bauchi, sana'ar da ba ta ciyar da mai ita ba ta samun magaji. Duk mai shirin aurar da 'yarsa ya ware wa mai garaya ko da yammaci ɗaya, ya kuma sallame shi da kyau.