Kumburin Cikin Da Ya Ƙi Jin Magani

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Mata ko bakin Kasuwar Kurmi a birnin Kano ya san muryar masu tallar magani da lasifika. Maganin basir, maganin shawara, maganin kumburin ciki. Ba su rasa masu saye, gama kukan ciki yana cikin kowane gida. Maigida ya ci tuwo loma biyar sai ciki ya cika tim kamar ganga. Uwargida tana fama da gyatsa da murɗa, yau zawo gobe bayan gida ya ɗaure. In sassaƙe bai yi ba sai a nufi kemis. A can a ce olsa ce, ko taifot, a ba da Flagyl na kwana uku. A sami sauƙi na mako biyu, ciwo kuma ya komo.

Sau da yawa lalle gyambon ciki ne, ko tsutsa, ko abincin da bai karɓi mutum ba. Amma akwai wani ciwo da ba mu cika jin sunansa ba, wanda yakan ɓuya a bayan waɗannan. Shi ne cunkoson ƙwayoyin cuta a ƙaramin hanji. Likitoci suna taƙaita sunansa su ce SIBO. A wannan wata muna so mu duba yadda yake samuwa, da yadda ake gane shi, da yadda ake maganinsa.

Hanji Kamar Kwata Yake

Abincin da muka haɗiye yakan fara sauka a tumbi. Daga nan ya wuce ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai wajen mita 6 a jikin babban mutum. A nan ne jiki yake tsotse amfanin abinci. Abin da ya rage sai ya gangara babban hanji, ya zama bayan gida.

Babban hanji cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Can ne gidansu, suna kuwa yi mana aiki. Amma ƙaramin hanji ba wurin zamansu ba ne, kaɗan ne ƙwarai a cikinsa. Abu uku ne suke tsare shi. Na fari, ruwan tsami na tumbi yana kashe yawancin ƙwayoyin da muka haɗiye. Na biyu, akwai wata 'yar ƙofa a mahaɗar hanjin biyu wadda take hana abin da ya wuce komowa baya. Na uku, sa'ad da ciki ba kome, hanji yakan yi wata matsa mai ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, misalin kowace sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu, ya share kansa. Kukan da ciki yake yi in muna jin yunwa, sau da yawa sharar nan ce.

Mazauna lungunan cikin birni sun san halin kwata. Muddin ruwa yana gudu zuwa Jakara, ba wanda ya damu. Ran da leda da yashi suka toshe ta, sai ruwa ya kwanta, ya yi baƙi, ya yi kumfa da ɗoyi. Haka hanji yake. In tafiyarsa ta yi sanyi, ko wani wuri ya tsuke, ƙwayoyin sai su yi sansani inda bai kamata ba. Su riga mai abinci cin abincinsa, su ruɓar da shi, su cika masa ciki da iska.

Me Yake Kawo Shi?

Wannan ciwo ba safai yake zuwa shi kaɗai ba. Kusan kullum akwai abin da ya buɗe masa ƙofa. A ƙasarmu ga waɗanda ya kamata mu lura da su:

1. Aikin ciki da aka taɓa yi wa mutum. Taifot in ta yi tsanani takan huda hanji, sai an yi tiyata. Bayan an warke, wani lokaci tabon yakan manne ko ya tsuke hanyar.

2. Ciwon sukari da ya daɗe ba a kula da shi ba. Yakan raunana jijiyoyin da suke motsa hanji.

3. Tibi na hanji. Ba huhu kaɗai tibi yake kamawa ba.

4. Shan maganin olsa irin su omeprazole wata da watanni ba da umarnin likita ba. Yana rage ruwan tsamin da yake gadin ƙofa.

5. Tramadol da kodin. Waɗannan suna sa hanji kasala. Tun a 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da yake yi wa matasa. Lalacewar ciki tana cikin ɓarnar.

6. Tsufa, da rashin abinci mai gina jiki, da shan ruwa mai dauɗa kullum.

Alamunsa su ne kumburi bayan cin abinci, yawan tusa da gyatsa, murɗar ciki, zawo mai daɗewa ko ɗaurewar ciki. In ya yi nisa, bayan gida yakan fito da maiƙo da mugun wari, mutum ya rame. Ƙwayoyin sukan cinye bitamin B12, jini ya ragu, tafin ƙafa ya riƙa mutuwa ko tsira kamar allura.

Sai mu lura, duk alamun nan ana samunsu a waɗansu cututtuka dabam. Shi ya sa ba mai iya gane ciwon da ido, ko mai kemis ne, ko maƙwabciya wadda ta ce ita ma haka nata ya yi.

Yadda Ake Gwaji

Mai wannan kuka a cikin birni yakan fara da Asibitin Murtala, kusa da Ƙofar Mata, wanda dattawa suka sani tun yana asibitin birni. Yara kuma akwai Asibitin Hasiya Bayero. In abin ya bukaci ƙwararren likitan ciki da hanji, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Titin Zariya, wanda aka kafa a 1988.

Likita zai fara da tambayoyi. Mu faɗa masa gaskiya duka. Mu tafi da kwalaben da kwalayen dukan abin da muka sha, har da na gargajiya. Kada kunya ta hana mu bayyana kamannin bayan gida, gama a nan rabin amsar take. Sa'an nan zai nemi cututtukan da suka fi yawa tukuna. Za a gwada bayan gida domin tsutsa da atuni da ƙwayar da take kawo gyambon ciki. Za a gwada jini domin ƙarancin jini, da sukari, da ƙanjamau. Wataƙila a ɗauki hoton ciki. Zai kuma tambaya ko madara ce ba ta karɓi mutum ba, domin manya da yawa ba sa iya narkar da ita.

In waɗannan ba su ba da amsa ba, akwai gwaji biyu na musamman.

Na fari shi ne gwajin numfashi. Hikimarsa mai sauƙi ce. Jikin ɗan adam ba ya yin iskar da ake kira haidirojin, ƙwayoyin hanji ne kaɗai suke yinta in sun sami sukari. Iskar takan shiga jini, ta kai huhu, ta fito da numfashi. To, sai a sa mutum ya hura cikin wata 'yar jaka ko na'ura. A ba shi ruwan gulukos gram 75, ko wani sukari mai suna laktulos gram 10. Ya riƙa hurawa kowane minti 15 ko 20, har sa'a biyu ko uku. Bisa ga ma'aunin da likitocin Amurka ta Arewa suka daidaita a kai a 2017, in haidirojin ya ƙaru da kashi 20 cikin miliyan kafin minti 90 su cika, alama ce ƙwayoyin sun tare sukarin tun a ƙaramin hanji. Akan auna wata iska kuma mai suna metan, wadda aka fi samu ga masu ɗaurewar ciki.

Gwajin ba zafi, ba allura, amma yana da dokoki. Kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta har mako huɗu kafinsa. A bar maganin wankin ciki mako guda. Ana jajibirin gwaji a guji wake, da alale, da fura da nono, da albasa, da ganye, a tsaya ga farar shinkafa da ƙwai ko nama. A kwana ba ci na sa'a 8 zuwa 12. Ran gwaji ba taba, ba aikin ƙarfi. Mai ciwon sukari ya sanar tun da wuri. Nan ne wanda ya saba haɗiyar Flagyl kowane mako yake cutar kansa sau biyu, gama ya ɓata gwajin tun ba a fara ba.

Na biyu shi ne a zura siririn bututu mai fitila ta baki har farkon ƙaramin hanji, a ɗebo ɗan ruwa a kai ɗakin gwaji. In an sami ƙwayoyi 1,000 ko fiye a cikin mililita ɗaya, an tabbatar. Wannan ya fi tsada, ya fi wuya.

Ba kowane asibiti yake da kayan gwajin nan biyu ba, gwajin numfashi kuma yakan yi kuskure wani lokaci. Saboda haka inda babu, likita yakan kawar da sauran cututtuka, ya ba da magani na ƙayyadaddun kwanaki, ya ce a komo ya gani. Wannan ba daidai yake da canki-cankar kemis ba. Likita ya san abin da ya riga ya kawar, ya san kuma abin da zai nema in maganin bai yi ba.

Yadda Ake Magani

Maganin kashi uku ne, kamar duwatsun murhu. In ɗaya ya ɓace tukunya ba ta zama.

Na ɗaya, rage ƙwayoyin. Akan ba da magani na kwana 7 zuwa 14. Wanda aka fi bincike a kansa shi ne rifaximin, domin yana aikinsa a cikin hanji, kaɗan ne yake shiga jini. Yana da tsada. Akwai waɗansu kamar metronidazole, wato Flagyl, da ciprofloxacin, da doxycycline, likita ne zai zaɓa. A shanye duka ko an ji sauƙi. Mai shan Flagyl kada ya kusanci giya ko burukutu. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa kafin a rubuta mata kome.

Na biyu, mayar wa jiki abin da ya rasa. Wani sai an yi masa allurar B12, wani maganin ƙarin jini. Rage wake, da madara, da kayan zaƙi, da lemon kwalba na ɗan lokaci yakan sauƙaƙa kumburi. Amma kada tsoron abinci ya sa mutum ya koma koko kaɗai har ya ƙare. Waɗansu likitoci sukan shawarci manya su bar wajen sa'a huɗu tsakanin ci da ci, domin hanji ya sami zarafin shararsa. Wannan shawara ba ta yara ba ce.

Na uku, shi ne babba, toshe ƙofar da ciwon ya shigo. A daidaita sukari, a yi maganin tibi, a bar tramadol, a sake duba maganin olsa. A wani bincike da aka yi a Italiya, aka buga a 2008, wajen 44 cikin 100 na waɗanda aka warkar ciwon ya komo musu cikin wata tara. Kwashe ruwan kwata da bokiti ba ya hana ta sāke cika, sai an cire abin da ya toshe ta.

Iyaye, Ku Duba Yaranku

Ga yara ciwon nan yakan zo shiru. A Gambiya, a wani bincike da aka buga a 1975, likitoci sun gwada yara 25 masu tamowa, suka tarar da ƙwayoyi cunkushe a ƙaramin hanjin 22. A birnin Daka na Bangaladash, wani bincike na 2016 a unguwar talakawa ya same shi ga kusan ɗaya cikin shida na yara 'yan shekara biyu, an kuwa ga masu shi ba su yin tsayi kamar tsararsu. Yaro yana ci, amma ba shi yake morar abincin ba.

Inda gidaje suke manne da juna, rijiya tana kusa da masai, ruwan sha kuma daga jarkar 'yan garuwa yake fitowa, yaro yana haɗiyar dauɗa kowace rana. Abin da uwa za ta iya yi a bayyane yake. Nonon uwa zalla har wata shida. A tafasa ruwan sha, a rufe randa, a ware mata moɗa. A wanke hannu da sabulu bayan an wanke wa yaro, da kafin a ba shi abinci. A zubar da kashin yaro a masai. A raba wurin rarrafensa da kashin kaji da na awaki. A riƙa kai shi awo, gama kati yakan nuna ramewa kafin ido ya gani.

Kada A Jira Gobe

In akwai jini a bayan gida, ko ya yi baƙi kamar kwalta, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya kumbura ba tusa ba bayan gida, ko mutum yana ramewa da zazzaɓin dare, a tafi asibiti a ranar. Haka kuma wanda ya haura shekara 45 ya ga cikinsa ya sāke hali ba dalili.

Sauran mu masu kumburin da ya wuce wata guda, mu zauna mu lasafta abin da muka kashe a kemis da wajen mai lasifika cikin shekarar nan. Mai yiwuwa ya isa kuɗin kati da gwaji har da canji. Maigida, in uwargida ta daɗe tana kukan ciki, kada ka ce halin mata ne. Ɗauki kwalaben nan ka raka ta wurin likita. Lafiya uwar jiki ce, ba mai fushi da ita.