Tauraron Da Ke Ƙasan Akwatin Kaka

Yau akwati za mu buɗe tare.

Da Allah Ya yi wa kakata rasuwa a Bakura, muka zo fid da kayanta, sai ga wata lambar tagulla mai siffar tauraro can ƙasan akwati, naɗe cikin tsumma. Ta mijinta ce, kakanmu, wanda ya daɗe da riga ta. Abin kunya, 'yar'uwa, duk cikinmu jikoki babu mai labarinta. Sai da na bi ƙanwar marigayiyar har Maradun, ita ma ga tsufa, sannan na ji.

Lambar ta Yaƙin Bama ce, ƙasar da yanzu ake kira Miyanma. A zamanin Yaƙin Hitila Turawa suka ɗebi samarinmu soja, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya, Runduna ta 81 a 1943, ta 82 a 1944. Daga can suka shiga dazuzzukan Arakan da kwarin Kaladan suna gwabzawa da Japanawa, kaya a ka, abinci kuwa daga jirgin sama ake jefo musu. In kin taɓa jin Barikin Dalet a Kaduna ko na Chindit a Zariya, to sunayen daga wannan yaƙi suka samo asali.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gida. Kakata tana amarya aka tafi da shi. Ga yunwar da tsofaffi ke kira 'Yar Gusau, ga ɗiban gwamna, wato kwasar maza aikin kuza na tilas a Jos, gishiri da kananzir sun yi wuya. Da kaɗi ta riƙe kanta da surukarta, ran Talata a kai mata zaren kasuwar Mafara. Dangi suka yi ta matsa mata a je gaban alƙali a raba auren, wai wanda ya ƙetare teku ba ya dawowa. Ta ƙi. A 1946 ya sauka jirgin ƙasa a Gusau. Har ya bar duniya, in aka yi tsawa da damina sai ya zabura, ita kaɗai ke iya kwantar masa da hankali. Ba ta taɓa gaya mana ba, don mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Uwargida, in akwai tsohuwa a gidanku, ki zauna da ita bayan sallar isha. Ke kuma 'yar makaranta, ɗauko littafi da biro. Tambaye ta wa aka ɗauka, wace shekara, wa ya dawo, me suka ci a lokacin. Kada ki katse ta in ta yi shiru.

Tauraron yana wurina yanzu, cikin tsumman nan nata. Allah Ya jiƙansu, Ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.