3.4 Noman Kayan Miya a Cikin Mazubai a Tsakar Gida

A sashen da ya gabata an yi bayanin noman lambu a fadama. A nan kuma za a dubi yadda ake noman kayan miya a cikin mazubai, wato tukwane da buhuna da bokitai da tsofaffin kwanoni, waɗanda ake iya ɗagawa daga wani wuri zuwa wani. Wannan hanya ta dace da gidajen cikin birni irin na Kano, inda fili ya yi ƙaranci, kuma mutane da yawa suke zaune a gidajen haya.

Muhimmancin abin ya fito fili a shekarar 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a jihohin Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, har tumatir ya gagari talaka. Haka kuma wasu lambunan da ke gefen kogin Jakara da gurɓataccen ruwa ake yi musu ban ruwa. Wanda ya shuka nasa kuwa ya san ruwan da ganyensa ya sha.

3.4.1 Zaɓen Mazubi

Zurfin mazubi yana tafiya ne da tsawon saiwar shuka. Alayyahu da salak da albasa ba su buƙatar fiye da santimita 20. Tumatir da tattasai da attaruhu da kuɓewa kuwa sai mazubi ya kai santimita 30 ko fiye. Dole ne a huda gindin mazubin, domin in ruwa ya kwanta saiwa takan rasa iska ta ruɓe. Tukunyar ƙasa ta fi baƙin bokitin roba sanyi, saboda ruwan da ke tsatsafowa ta jikinta yana rage zafi, kamar yadda randa take sanyaya ruwan sha. Sai dai ta fi saurin bushewa. Bai kamata a yi amfani da mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko baƙin mai ba.

3.4.2 Haɗa Ƙasa da Ban Ruwa

Ƙasar laka zalla takan daskare a cikin mazubi, don haka ake gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, sai ya kwana biyu ya huce tukuna. Tun da ƙasar mazubi kaɗan ce, abincin cikinta yana saurin ƙarewa, saboda haka ake ƙara taki bayan 'yan makonni. Da bazara ana ban ruwa safe da yamma. Ruwan wankin hatsi yana da amfani, amma ruwan sabulu yana tara gishiri a ƙasar.

3.4.3 Amfanin Ɗaga Mazubi

Tumatir da tattasai suna son rana ta kimanin awa shida a yini. Amma a watan Afrilu, da zafi yake haura digiri 40, furen tumatir yakan zube ba tare da ya yi 'ya'ya ba. A nan ne mai mazubi ya fi mai gona sauƙi, domin yana iya jan shukarsa zuwa inuwa da tsakar rana. Yana kuma iya ɗora ta a kan dakali don gudun awaki da kaji, in ya tashi daga gida ya tafi da abinsa.

Ba a cewa wannan noma zai ciyar da gida gaba ɗaya. Amma alayyahu yana isa yanka cikin kimanin wata guda, kuma yana sake tofowa, wanda hakan yake rage wa maigida kuɗin cefane. Sashe na gaba zai yi bayani a kan ƙwari da hanyoyin magance su.